Kifin Mai Tudu a Tafkina

Ni na fara ganin abin nan, kuma zan ci gaba da faɗa ko da kunnuwanku sun gaji. Tun masu magana a rediyo ba su raɗa masa suna sauyin yanayi ba, ni da ƙafata na gane shi. Wata safiya na tsoma ƙafa a tafkin kifina, ruwan da ya saba cizon ƙwauri sai na ji shi ɗumi-ɗumi kamar wanda aka surka wa jinjiri. Na fito na ce wa abokan sana'a, "Jama'a, ruwa ya sake hali." Suka ce tsufa ya fara taɓa ni.

To, yau ina suke? Zafi ya dafa wa wasu kifi a cikin ruwa, ambaliya ta kwashe na wasu, wasu rijiyarsu ta ƙafe suka sayar da fili. Ni kuwa, da ban taɓa zama a aji ba, na ƙara wa tafkina zurfi, na ɗaga jingar ƙasar da ke tare ruwan, na kafa raga a gefen da ruwa ke fita. Na bar kainuwa ta rufe kusurwa guda don inuwa. Na rage yawan 'ya'yan kifin da nake zubawa, na daina ba su abinci sai rana ta yi sanyi. Duk layin nan mu biyu muka rage, ni da maƙwabcina Mai Tudu, wanda tafkinsa ke sama da nawa. Shi kuma sa'a ce kawai ke riƙe da shi.

Amma duk wannan sani nawa bai hana 'yata Auta yin kuka har idanunta suka kumbura ba.

Auta na son Dogo, ɗan Mai Tudu. Ba yarinya ba ce, ita ke riƙe da gidana tun rasuwar uwarta, kuma maganar aurensu ta yi nisa. Sai ga ruwan nan. Damina ta yi ta jan ƙafa har muka fitar da rai, sannan wata la'asar sama ta juye mana abin da ya kamata ta raba wa wata guda. Jingar Mai Tudu, wadda na yi ta ce masa ya ɗaga har bakina ya gaji, ta ɓalle. Ruwansa ya gangaro da kifinsa kaf ya afka cikin tafkina. Ragata ce ta tare su. Ba don ni ba, da yanzu suna can inda ba a sani ba.

Washegari ya zo da taru a kafaɗa.

"Na zo kwasar kifina."

Na ce, "Wanne ne naka? Tarwaɗa a nan, tarwaɗa a can. Tambari ka yi musu?"

"Au, haka za ka ce?"

"Haka zan ce. Ka shiga ka dama min ruwa, ka tsince manyana ka bar min 'yan firit ɗinka? Na gaya maka ka ɗaga jingar nan ko ban gaya maka ba?"

Ya juya ya dubi mutanen da suka taru kallon ɓarna, ya ɗaga murya. "Ku shaida! Ga ɓarawo da furfura!"

Ɓarawo. Ni. Na ce, "To ka gaya wa ɗanka ya nemi mata a wani gidan."

Ya ce, "Wa ya ce muna so? Gidan da ake haɗiye kifin maƙwabci, ai har ɗana za a haɗiye."

Shi ke nan, abin da yaran nan suka daɗe suna ginawa ya rushe kafin rigata ta bushe.

Yayata, wato gwaggon Auta, tana zaune tare da mu. Dama ba ta taɓa son Dogo ba, wai talaka ne mai warin laka. Ko kwana biyu ba a yi ba sai ga ta da Mai Banda, mutumin da ke sayen kifinmu duka yana ƙyafewa yana kaiwa gari. Shi kaɗai ne mai saye a duk yankin, kuma ya san da haka. Ya shigo yana ƙamshin turare da hayaƙi a haɗe, ya dire fanka sabuwa fil a tsakar ɗaki, ya ajiye waya a cikin kwalinta.

"Baba, ai ni ɗanka ne tuntuni. Zafin nan ya yi yawa, bai kamata Auta ta riƙa kwana cikin gumi ba."

Yaya ta washe baki. "Ka ji mutum! Wancan dogon banzan in ban da gaisuwa me ya taɓa kawowa?"

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na gaji ne kawai. Gwiwoyina na ciwo, bayana na ciwo, ga ciyar da kifin gida biyu da buhun gida ɗaya.

Da ya tafi na iske Auta a ɗakin ajiyar abincin kifi, zaune kan buhu, kwanon awo a cinyarta. Hawaye na ɗiga cikin kwanon.

Na ce, "Za ki jiƙa min abinci ya yi fumfuna."

Ba ta yi dariya ba.

"Baba, me na yi maka?"

"Ke? Ba komai."

"To me Dogo ya yi maka? Shi ya saukar da ruwan? Shi ya zage ka?"

"Ubansa ya zage ni."

"Ubansa zan aura?"

Na zauna a kan ɗayan buhun. Ta goge fuska da gefen mayafi, wasu hawayen suka biyo.

"Baba, ban taɓa yi maka musu ba. Ka ce in tashi da asuba in duba ruwa, na tashi. Ka ce in bar zuwa wurin ƙawayena ranar kamun kifi, na bari. Sa'o'ina duk sun yi aure ina nan ina auna maka abinci, ban taɓa cewa na gaji ba. Abu ɗaya na roƙa a duniya. Ɗaya tak. Shi ma kifi ya fi ni daraja."

"Kul! Kada ki sake faɗar haka."

"To ka mayar musu da kifinsu mana."

"In mayar ta yaya? In na ba shi kaɗan ya ce na ci, in na ba shi da yawa ya ce dama na san na sata. Wannan ba maganar kifi ba ce, Auta. Maganar sunana ce."

"Ni kuma rayuwata ce."

Yaya ta leƙo daga ƙofa. "Rayuwa! Ji min yarinya. So ake ci? Kifin da kuke taƙama da shi shekara nawa ya rage masa a wannan zafin? Mai Banda ko tafkunan duniya sun ƙafe yana da mota, yana da shago. Ni na goya ki, ba zan zuba ido ki shiga gidan da ruwa ɗaya ya talauta ba."

Auta ta ce, "Gwaggo, in kina son sa haka, ai ba ki da miji."

"Iyye! Ni kike gaya wa haka? Ka ji ta ko? Ka ji abin da laka ke koya wa mutum?"

Na ce su yi min shiru dukansu. Na fita na zauna bakin tafki, ina kallon ruwa yana motsi fiye da yadda ya kamata.

Don ni na san abin da ke zuwa. Bayan ruwan nan sama ta ɗauke kamar ba ta taɓa yi ba, rana ta buɗe wuta. Tafkin da na auna wa kifin gida ɗaya yana ɗauke da na gida biyu. Kashinsu ya ninka, numfashinsu ya ninka, ruwa kuma ga zafi. Na rage abinci, na ƙara ruwan rijiya iya ƙarfina, amma rijiyar ma tari take yi.

Wata safiya, gari ya waye ke nan, Auta ta faɗo ɗakina ba sallama.

"Baba, sun tsaya!"

Wanda bai yi kiwon tarwaɗa ba ba zai san nauyin wannan magana ba. Tarwaɗa mai lafiya a ƙasa take kwanciya. In ka ga ta miƙe tsaye a cikin ruwa, gemu a waje, ba ta gudu ko ka matso, to ruwa ya zama guba. Na iske su jere kamar masu jiran mota. Kumfa ta taru a gefe, ruwan na wari, wasu 'yan kaɗan sun riga sun juya ciki sama.

Ina tsaye sai na ji ƙarar baro. Dogo ne, ya turo injin ban ruwan ubansa, tiyo a naɗe a wuya. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya durƙusa nesa da ni.

"Baba, ina kwana. Na hango kumfa daga sama. Rijiyarmu da sauran ruwa, ka bari in ja maka."

"Ubanka ya sani?"

"Zai ji ƙarar inji."

Na so in kore shi, wallahi na so. Amma mai kiwo ba ya fushi a gaban kifin da ke mutuwa. Na ce, "Sa tiyon ya faɗo daga sama, ya riƙa dukan ruwa. Kada ka nutsa shi."

Ruwa sabo ya fara zuba. Kafin hantsi kifin sun ɗan sauka, amma na san aro ne. In ba a cire rabi yau ba, gobe ba nawa ba na kowa.

Ƙarar inji kuwa ta jawo Mai Tudu, ya sauko yana huci. Yaya kuma ta riga ta kira Mai Banda a sabuwar wayar, sai ga motarsa da manyan robobi a baya.

Mai Banda ya dubi ruwan ya girgiza kai. "Kash! Baba, kada ka damu. Zan kwashe duka yanzu, da mai rai da mai shirin tafiya. Ba su isa kamu ba, ka san ba za su yi daraja ba, amma tunda mun kusa zama ɗaya, zan rufa maka asiri."

Mai Tudu ya ce, "Ka kwashe na wa? Rabi nawa ne!"

Na ce, "Nuna min rabin."

"Ka gani ko? Ɓa..."

"Ƙarasa! Ƙarasa mana in ka isa!"

Dogo ya shiga tsakaninmu yana ba da haƙuri, Yaya na zuga, Mai Banda na sauke robobi abinsa. Ba wanda ya lura da Auta sai da muka ji muryarta.

"Ku yi shiru. Don Allah ku yi shiru kifi su ji."

Ta zagaya can gefen da ba shi da zurfi, inda rana ke duka. Ta ce wa Dogo ya kashe inji. Ta durƙusa a cikin laka da zanenta mai kyau, ta naɗe hannun riga, ta shimfiɗa tafin hannunta a kan ruwa. Ta fara mari. A hankali, a hankali, sannan da sauri kamar mai kiɗa, ta tsaya, ta sake.

Ni kifina da dukan gindin tsohon daro nake kiransu, kuma sai da yamma, a can kusurwar kainuwa. Sun san ba a ci da rana a gidana, ko me za ka yi ba za su taso ba. Wannan kiran ban taɓa jin sa ba.

Sai ruwa ya fara tafasa a gabanta.

Suka taso daga ko'ina, baƙi ƙirin, suna hawa kan juna, suna buɗe baki a gindin hannunta. Can ƙarƙashin kainuwa kuwa tsit, nawa na kwance abinsu cikin sanyi, ko gemu ba su ɗaga ba. Tarbiyya ke nan. Wanda ya ce kifi ba ya jin tarbiyya bai yi kiwo a hannuna ba.

Auta ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Waɗannan su ne nasu. Da hantsi Dogo ke ba su abinci, kuma haka yake kiransu. Ku ja taru ta bayansu."

Na ce, "Auta, a ina kika koyi wannan?"

Hannunta ya tsaya a kan ruwan.

"Baba, duk hantsin da na ce maka zan je duba ko an kawo buhun abincin kifi... can nake tsayawa. A bakin tafkinsu. Ba na shiga gida, wallahi ba na shiga. Ina tsayawa ne yana ba su abinci muna magana, har ya koya min. Na san za ka ji kunya in na yi a gaban mutane, shi ya sa na yi ta haƙuri ko za ku shirya da kanku. Amma ba zan iya kallon su mutu ba. In suka mutu, kai da Baban Dogo ba za ku ƙara gaisawa ba har abada, ni kuma..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

Yaya ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku! A bakin tafkin maza! Mai Banda, kada ka ji wannan, ƙuruciya ce."

Mai Tudu ya daɗe yana kallon kifin nan da ke cin hannun 'yata. Ya share gumi. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ashe kifina sun riga ni karɓar suruka."

Ban yi dariya ba, ko da yake ta zo min har maƙogwaro. Na ce, "Ka kwashe su ka zuba a ina? A ramin da ba shi da baki?"

Dogo ya ce, "Baba, na gyara jingar."

"Kai da wa?"

"Ni da shebur. Tun ranar da abin ya faru. Na ɗaga ta har ƙuguna yadda kake faɗa, na daddaɓe, na yashe lakar tsakiya ya ƙara zurfi. Na ja masa ruwan rijiya ma, raga ce kawai ban samu ba."

Ya buɗe tafukan hannunsa ba da niyya ba, na ga duk sun fashe. Na hau tudun nan da gwiwoyina masu ciwo, na taka jingar daga wannan kai zuwa wancan, na soka sandata. Ba ta shiga ba. Aikin bai kai nawa ba, kada ma wani ya yi zaton haka. Amma a duk waɗanda na yi wa wa'azin jinga shekara da shekaru, wannan yaron ne kaɗai ya ji.

Na sauko na ce, "Ku ja taru."

Muka ja, ni da Mai Tudu a kai ɗaya don ba yadda za mu yi, Dogo a ɗaya kan, Auta na ta marin ruwa. Ba zan ce ko ɗaya nawa bai bi su ba, ko ɗaya nasu bai maƙale a wurina ba. Ba a rasa kwaɗayayye a kowane gida. Amma ba wanda ya buɗe baki ya ƙirga. Aka yi ta ɗiba a daro ana hawa da su tudu.

Mai Banda na jingine da motarsa, fuskar nan kamar an aiko masa da mutuwa. Da muka gama ya matso.

"Baba, magana ɗaya zan yi. Na zo da mota, na zo da robobi, an mai da ni ɗan kallo. Ba komai. Amma ina son in san matsayina a gidan nan yau. In ba ni da wuri, to ranar kamu ku nemi mai saye. Kai da shi duka."

Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Tarwaɗa in ta isa kamu ba ta jira, ci take yi tana cinye mai ita. Wani mai sayen kuma sai an yi tafiya mai nisa, a wannan zafin da kifi ke lalacewa kafin a kai titi.

Yaya ta kama hannuna. "Ka yi tunani. Ka tsufa, ba ka da wani ƙarfin. Kada ka kashe kanka saboda kukan yarinya, kuka ai yana ƙarewa."

Na dubi Auta. Tana tsaye laka har gwiwa, ta daina kukan ma, ta zuba min ido kawai irin na wanda ya gama roƙo. Na gaji, jama'a. Na gaji da rana, na gaji da ruwan da ba ya zuwa sai ya zo da faɗa, na gaji da rasa abokan sana'a. Amma gajiyata ba ta kai in sayar da 'yata don a sayi kifina ba.

Na ce, "Yaya, shiga ki ɗauko masa fankarsa da wayarsa."

"Me ka ce?"

"Kin ji ni. Mai Banda, mun gode. Zafi kam akwai shi, amma mun saba."

Ya buga ƙofar mota har kainuwa ta girgiza. Yaya ta shiga ta fito da kayan, ta fito da nata ƙullin ma, ta ce ba za ta kwana gidan da ake wasa da arziki ba, za ta je ta tara min dangi su zo su ji ko na haukace. Ta bi motar a ƙafa tana kiran sa ya tsaya.

Na juya wurin Dogo. "Kai kuma, daga yau ka daina ba kifi abinci da hantsi, zafi ya wuce wannan zamanin. Akwai ragowar raga a ɗakin ajiya, ɗauki ka kafa. In ka gama, ka ce wa ubanka ya sa riga mai kyau ya zo ta ƙofar gida ya nema maka aure. Ba ta bakin tafki ba."

Mai Tudu yana tsaye a nan, taru na ɗiga a hannunsa. Ya yi gyaran murya. "Maganar da na faɗa ranar nan..."

Na ce, "Ka zo da ita a cikin rigar."

Auta ta durƙushe a gabana ta riƙe ƙafata da hannuwanta masu laka, tana kuka tana dariya, har na ce ta tashi kada ta kayar da ni cikin ruwa.

Yanzu ga inda muke. Kifi na girma a tafki biyu, mai saye babu. Dangi na hanya, Yaya na gaba. Ni da Dogo mun samo tsohuwar ganga mun huda, muna koyon ƙyafe kifi da kanmu, na farko ya ƙone ƙurmus, na biyu kare ma ya shinshina ya wuce. A bakin titi ana ta cewa tsohon nan ya gama yawo, wai bana kifinsa a ruwa zai ruɓe, aure kuma ba za a yi ba.

To, mai faɗar haka ya daina faɗa a bayana. Ya zo ranar kamu ya tsaya a kan jingata, ya dube ni ido cikin ido ya maimaita. Ya taho da daronsa ma, babba. Duk kifin da ya tarar ya ruɓe na ba shi kyauta, in ya samu.